Ɗakin Sanyin Kawu Modu

Damagaram, 9 ga Oktoba, 2023

Zuwa ga 'yata Rahina,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ina gaida maigidanki, Allah ya sa takardar nan ta same ku lafiya a Dakar. Mu nan alhamdu lillahi. An fara yankan gero, kuma bana danginki na Droum sun samu. Ni dai tari ne ke ɗan damuna, sai gwiwar hagu idan ina hawa matakalar biro, wurin aikinmu.

Na san za ki yi mamakin ganin sunana. Shekara shida ke nan rabonmu da magana. Adireshinki a wurin ƙanenki Mutari na karɓa, mun haɗu a Kasuwar Dole ranar Alhamis. Kakarki Tani da mahaifiyata Ya Gana 'ya'yan wa da ƙane ne, wannan zumunci kuwa shiru ba ya kashe shi, shi ya sa na yi ƙarfin halin rubutowa.

Kina tuna ɗakin sanyi? Ɗakin nan na ƙarshen baranda a biron ƙungiyar manoma, inda sarba uku suke, manyan na'urorin da ke riƙe sunayen manomanmu da gonakinsu da irin da ake raba musu. Lokacin da kike zaune a gidana na unguwar Birni kina zuwa makarantar lise, da bazara ta yi zafi can kike gudowa da littattafanki saboda kilim, abin sanyaya ɗaki. Ke ce kika ba su sunayen ƙauyuka, kika rubuta a takarda kika liƙa: Droum, Zermu, Takaya. Na canza cikinsu sau uku tun daga lokacin, amma takardun suna nan, rubutunki ya koɗe.

To, an yi mana sabon dirakta, Abdul'aziz, yaro ne mai ladabi, sa'an ɗan cikina. Ya kira ni ya ce, "Baba Modu, wutar kuran tana yawan ɗaukewa, na'urorin nan sun tsufa. Kafin damina mai zuwa komai zai koma kilawud." Na ce ina ne kilawud ɗin? Ya ce na'urori ne na haya a wasu ƙasashe, ana sarrafa su daga nan ta intanet. Ya ce aikin yana son wanda ya san DevOps. Idan na iya kafin rabon iri a watan Mayu, wurin nawa ne. Idan ban iya ba, za a ɗauko wani daga Yamai, ni kuma a mayar da ni sito in riƙa ƙirga buhuna har shekara huɗun da suka rage mini su cika.

Rahina, shekara goma sha tara ina ɗakin nan. Da jin ƙarar fanka na san wadda ba ta da lafiya. Amma na buɗe intanet na rubuta kalmar nan, sunaye fiye da talatin suka zubo mini, ban san ko ɗaya ba. Mutari ya ce aikinki ke nan a can. Ta ina mutum yake farawa?

Kawunki,
Modu

Dakar, 12 ga Oktoba, 2023

Kawu,

Wa alaikumus salam. Wushe, sannu da ƙoƙari. Na ga saƙonka ina tsakiyar taro, sai da na fita waje na karanta shi sau biyu. Muna lafiya. Allah ya ƙara sauƙi, ka daina zama daidai bakin kilim.

Kada sunayen nan su firgita ka, ba wanda ya san su duka. Kuma rabin aikin ka riga ka sani: ka san resho, wato yadda na'urori ke magana da juna. Mutanen da nake koya wa aiki a nan ba su taɓa riƙe waya da hannu sun haɗa ba.

Ka samo tsohuwar ordinata, wato kwamfuta, ka sa mata Linux. Wata guda kada ka taɓa komai sai baƙin allon nan da ake rubuta umarni a ciki. Bayan nan sai Git, wanda yake ajiye duk canjin da ka yi, da ranar da ka yi shi, da dalili, ta yadda idan ka ɓata za ka iya komawa baya. Daga nan Docker, mai haɗa manhaja da kayanta a akwati ɗaya, daga nan mu buɗe maka ɗan wuri a kilawud ka yi ta gwaji. Sa'a ɗaya kullum ta fi sa'a bakwai ranar Lahadi.

Abin da zai fi ba ka wuya ba umarnin ba ne, sabo ne. Kai da hannu kake gyara. A nan duk abin da za ka yi wa na'ura, rubuta shi ake yi a ajiye, rubutun shi ke gina ta. Diraktanku bai yi laifi ba, Kawu. A wannan aiki ba a jinyar tsohon da ya gaji. Da ya fara tari sai a kawar da shi a ta da sabo a gurbinsa, ba a ma tsayawa raɗa masa suna.

Na haɗo maka darasin farko. Ka gwada ka gaya mini inda ka maƙale.

'Yarka,
Rahina

Dakar, 1 ga Disamba, 2023

Kawu,

Ina gaisuwa. Lafiya kuwa? Mako bakwai ban ji daga gare ka ba. Na kira lambar da Mutari ya ba ni sau huɗu, tana shiga ba a ɗauka. Shi kuma ya ce ya gan ka a masallacin Juma'a lafiya lau. Idan darasin ne ya yi tsauri ka faɗa mini in sassauta. Idan wani abu ne daban, shi ma ka faɗa.

Rahina

Damagaram, 6 ga Disamba, 2023

Rahina,

Na amsa gaisuwa. Lafiya nake, tarin ma ya tafi, ba sai an kawar da ni ba.

Takardarki ta iso tun ranar. Na karanta na fahimta. Na gaya miki ina tari, kin ba ni amsa cewa tsohon da ya fara tari ba a jinyarsa. Ban ga laifinki ba, haka zamaninku yake, kuma dā ma na ga alama. Innarki Rakiya, matata da ta riƙe ki shekara bakwai, ta yi wata biyar a kwance kafin ta rasu. Duk wanda ya yi sallama a zaure sai ta ɗago kai ta ce, "Rahina ce?" Ba ki zo jinya ba, ba ki zo gaisuwa ba, sai layi biyu a waya. Ban taɓa faɗa miki wannan ba, yau na faɗa.

Darasin kuwa na yi shi, don kada ki zaci gazawa ce ta sa ni shiru. Na sa Linux a tsohuwar ordinatar sakatariya. Na iya shiga dosiye in fita, na iya ba da izini in hana. Zan ci gaba ni kaɗai gwargwadon iko. Ba sai kin wahalar da kanki ba.

Modu

Dakar, 7 ga Disamba, 2023

Kawuna,

Ina gaishe ka, kuma ina roƙon ka karanta wannan har ƙarshe.

Wallahi, sarba nake nufi. Na koma na karanta abin da na rubuta, sai na ga yadda ya fito. Magana ce da muke yi kullum a wurin aiki, na zubo maka ita ban duba wa nake gaya wa ba. Ni da kai ne ka fara ɗora yatsuna a kan ordinata, kana cewa in daina dukan haruffa kamar mai sussuka? Ka yafe mini.

Maganar Inna kuwa, ba ni da hujjar da za ta wanke ni, amma ga abin da ya faru. Lokacin ina da ciki wata bakwai, likita ya hana ni ko hawa matakala, don na yi ɓari biyu kafin nan. Ban gaya muku ba. Na ce idan Inna ta ji za ta ƙara damuwa a kan ciwonta, bari in haihu in zo mata da jaririn. Kwana goma sha ɗaya tsakanin rasuwarta da haihuwata. Bayan nan kunya ta kama ni. Na ce sai na yi arba'in. Na ce sai yarinya ta yi ƙwari. Duk shekarar da ta wuce sai zuwan ya ƙara nauyi, har na kasa ɗaukar waya in kira ka. Na hana Mutari gaya maka komai, na ce ni zan faɗa da bakina, ban faɗa ba.

Yarinyar sunanta Rakiya. Muna kiranta Ummi. Shekararta shida, tana aji ɗaya, kuma idan ta yi fushi tana tura baki irin na mai sunan.

Ba ranar da ba na tuna gidan nan. Dambun zogalen da Inna ke yi ranar Juma'a. Yadda muke tashi da jarka idan famfon unguwa ya kawo ruwa, tana gaba tana faɗa wai tafiyata ta 'yan lekol ce. Ranar da sakamakon jarrabawata ta bak ya fito ta yi guɗa har maƙwabta suka zaci aure ne. A nan teku ce ko'ina, amma duwatsun Birni nake gani a mafarki.

Idan ba ka son in ci gaba da koya maka, na yarda. Amma kada ka sake yin shiru.

'Yarka,
Rahina

Damagaram, 20 ga Janairu, 2024

'Yata Rahina,

Assalamu alaikum. Ina gaida ke da maigidanki, a shafa mini kan Ummi. Hotonta da kika aiko na kai an wanke mini, yana jingine a kan teburina. Gaskiyarki, bakin na Rakiya ne.

Na daɗe ban amsa da tsawo ba, sai gajerun tambayoyin darasi, don ban san yadda zan fara ba. Ranar da na karanta takardarki na rufe ɗakin sanyi na zauna, har sakatariya ta ƙwanƙwasa ta ce ko lafiya. Ni ma ina da laifi. Babba ne ni, da na kira na tambaya. Na zaɓi in riƙe ki a zuciya shekara shida. Allah ya yafe mana baki ɗaya.

Akwai abin da ya kamata ki sani. Innarki ba ta tafi da fushinki ba. Ana saura kwana uku ta ce da ni, "Modu, yarinyar nan ba ta ƙin zuwa haka kawai. Akwai abin da take ɓoyewa, kuma ina jin alheri ne." Ni ne ban yarda ba. Ashe ta fi ni sanin ki.

Yanzu karatu. Git ya ba ni wuya ƙwarai. Mako biyu ina rubuta dalilin kowane canji da kalma ɗaya, "gyara", har na tara gyara arba'in ban san wanne ne wanne ba. Sai na tuna littafin da nake ajiyewa a ɗakin nan tun 2004, wanda nake rubuta duk abin da na taɓa a na'ura da kwanan wata. Na ce ashe shi ne, sai dai wannan ba ya yarda ka manta. Daga ranar muka shirya.

Docker kuma na gina akwatina na farko ranar Talata, bayan ya ƙi sau goma sha tara. Laifin tazara ɗaya ce da na bari a farkon layi. Tazara, Rahina! Abin da ido ba ya gani. Da shafin ya buɗe na tashi na yi kabbara, mai gadi ya leƙo da gudu.

Matsalata biyu. Resho yana yankewa ana tsakiyar saukar da abu, sai in sake daga farko. Sannan yawancin bayanin da Ingilishi yake, ni kuwa Faransancin lekol ɗin dā gare ni. Ina fassarawa layi-layi. Da rana idan na gaji nakan juya kujera in dubi Droum da Zermu da Takaya suna ta ƙyafta fitilu, in ji kamar ina shirya musu tafiya ba su sani ba.

Kin ce in raba wuri biyu, na gwaji da na gaske, kuma in sa bayanan manoma su riƙa kwafar kansu zuwa wani wuri daban kowace asuba. Na yi. Aiko darasi na gaba.

Kawunki,
Modu

Damagaram, 16 ga Mayu, 2024

Rahina,

Gaisuwa a taƙaice, kowa lafiya. Zauna ki ji abin da kawunki ya aikata jiya.

Kin san tun farkon wata muka kwashe komai zuwa kilawud, tsoffin sarba suna kunne dai amma ba a ƙara musu komai. Jiya Laraba aka fara rabon irin gyaɗa da gero. Tun da hantsi harabar biro ta cika, wakilan ƙauyuka sun zo da amalanke da kabu-kabu, hadari kuma ya fara nuna kansa ta gabas, kowa yana so ya koma da iri kafin ruwan farko. Ma'aikata uku suna duba suna a allo suna ba da takarda.

Wajen ƙarfe goma na ce bari in share wurin gwaji tunda an gama da shi. Taga biyu ne a buɗe a allona, ɗaya ta wurin gwaji, ɗaya ta na gaske. Na rubuta umarnin rushewa. Ya tambaye ni ko na tabbata, na ce e. Ina kallon layuka suna wucewa sai na ga sunan da bai kamata in gani ba. A tagar na gaske na rubuta.

Kafin in miƙe na ji muryar sakatariya daga baranda, "Baba Modu, allo ya yi fari!"

 Na ɗauki waya zan kira ki, na ga ba ki kan layi, na ajiye. Abdul'aziz ya shigo ya ce, "Resho ne?" Da na ce e, da ya yarda, don kullum resho ne. Na ce, "A'a, ni ne. Na rushe shi da hannuna." Ya dube ni, ya dubi taron ta taga, ya ce, "Kwana nawa?" Na ce, "Ba ni sa'a ɗaya." Ni kaina ban yarda da abin da na faɗa ba, don sau biyu kawai na taɓa gwadawa, kuma ba mai jirana a waje.

Na jawo rubutun daga Git. Na kuskure kalmar sirri sau biyu. Na ba da umarnin ginawa na zauna ina kallo. Resho ya yanke a tsakiya, na haɗa da na wayata na sake. A waje wani dattijo daga Zermu yana ta faɗa, wai tun asuba ya baro gida bai karya ba. Na'urorin suka tashi ɗaya bayan ɗaya. Na ɗauko kwafin asuba na zuba. Minti hamsin da biyu, allo ya dawo.

Abin da ya salwanta shi ne bayanan mutum sittin da ɗaya da aka ba iri tsakanin ƙarfe takwas da goma. Takardunsu suna nan, na zauna da ma'aikatan muka sake shigar da su kafin la'asar. Na fita na ba dattijon nan haƙuri da kaina, na saya masa fura. Ya ce shi bai san abin da ya lalace ba, amma tunda mai furfura ne ya ba shi haƙuri ya haƙura.

Yau da safe na rubuta rahoto yadda kika koya mini: abin da ya faru, da ƙarfe nawa, me ya ba da hanya, me za a canza. Na sa tagar na gaske ta zama ja, kuma umarnin rushewa ba zai ƙara tafiya ba sai mutum biyu sun yarda. Na miƙa wa dirakta. Ya karanta a gabana, ya ce sai kwamiti ya zauna ranar Litinin. Ban san abin da za su yanke ba. Idan sito ne, to, na je da sanin cewa na iya.

Modu

Dakar, 16 ga Mayu, 2024

Kawu,

Sannu, sannu, sannu. Na karanta a tsaye. Ina cikin jirgi ne jiya daga Abijan, shi ya sa ba ka same ni ba, kuma gara da ba ka same ni ba. Ni sai da na shekara biyu a aiki kafin na yi irin wannan ɓarnar, kuma kuka na yi a banɗaki wani ya gyara mini. Duk abin da kwamiti ya ce, ka gaya mini a ranar.

Na nemi hutu. Lekol ɗin Ummi zai rufe ƙarshen Yuni. Za mu sauka Yamai ranar shida ga Yuli, mu kwana biyu, mu hau mota zuwa Damagaram. Ina so in je kabarin Inna. Na tambayi Mutari otal mai kyau kusa da Birni, don kada mu takura maka.

Rahina

Damagaram, 24 ga Mayu, 2024

'Yata,

Assalamu alaikum. Ina gaida ku duka. Ruwan farko ya sauka ranar Lahadi, an yi shuka a Droum da Zermu, Takaya suna jira.

Na yi jinkirin kwana huɗu, ki yi haƙuri, so nake in haɗa miki labarin gaba ɗaya. Kwamiti ya zauna. Biyu daga cikinsu sun ce a kawo na Yamai, tsoho ya kusa jawo abin kunya. Abdul'aziz ya ajiye rahotona a gabansu ya ce shi bai taɓa samun ma'aikacin da ya kawo ƙarar kansa a rubuce ba. An bar mini aikin. Sharaɗi ɗaya, in koya wa mutum biyu duk abin da na sani kafin in yi ritaya, kuma in zauna jarrabawar shaida a ƙarshen shekara. Na ce na yarda. Ki shirya, tambayoyi suna nan tafe.

Jiya Alhamis aka kashe sarban ɗakin sanyi. Dirakta ya ce ko a sa wani ya yi, na ce a'a. Na fara da Takaya, sannan Zermu, sannan Droum. Da fanka ta ƙarshe ta tsaya sai na ji ƙarar kasuwa daga nesa, da kukan awakin maƙwabta. Shekara goma sha tara ban san ana jin su daga ɗakin nan ba. Na ɗan zauna. Sannan na kashe kilim na ba da makulli, za a mayar da ɗakin wurin ajiye iri.

Maganar otal kuma, kada in ƙara ji. Ki gaya wa Mutari na ce ya kiyaye ni. Na sa an gyara rufin ɗakinki, an shafe bangon, na sayo gidan sauro biyu. Ƙanwata Amina za ta zo ta zauna da mu ta riƙa girki, don ni ban wuce dafa shayi ba. Ki gaya mini abin da Ummi take ci da abin da ba ta ci, kuma ko tana jin Hausa, in san da wane baki zan tarbe ta.

Garin ya canza, ba za ki gane hanyar gida ba, saboda haka kada ki hau kabu-kabu. Ni zan zo tasha. Shekara goma sha ɗaya rabon da ki gan ni, to kada ki tsaya neman mai baƙin gemu. Ki duba wajen masu shayi, za ki ga wani tsoho da sanda yana leƙa kowace taga. Ni ne.

Kawunki,
Modu